Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Sarkin Zangon Kumasi da malamanmu: akwai bashin Farfesa Allotey a wuyanmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi da 'yan majalisarsa, da iyayenmu limamai, da masu makarantun Islamiyya na Asawase, Aboabo, Sabon Zango, Sawaba, Tafo da Ayigya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta malamai. Ni ɗanku ne, haifaffen Aboabo, malamin lissafi a wata sakandare a nan Kumasi, yau shekara ashirin da shida ina riƙe da alli. Na san ladabi shi ne in zo fada in tuɓe takalmi in durƙusa in faɗi abin da ke tafe da ni, kuma zan zo. Amma maganar ta shafi iyayen yara da 'yan'uwana malamai waɗanda ba za su kasance a fada ranar ba, shi ya sa na rubuta ta inda kowa zai gani. Idan akwai kuskuren harshe a ciki, a yafe wa yaro.

Watan jiya na je jana'izar mutumin da ya koya mini lissafi a sakandare, a wani ƙauye gaba da Ejisu. Masta muke kiransa, kuma har ya bar duniya ban iya kiran sunansa ba. Kirista ne, an kafa rumfuna, jama'a cikin jan zane da baƙi kamar yadda Asantawa suka saba. Da na zauna sai na ga fuskokin da na sani, wannan muna haɗuwa wajen makin jarabawar WAEC, wancan yana koyarwa a Mampong, waccan ta zama shugabar makaranta. Muka ƙirga kanmu, mun haura ashirin, dukanmu malaman lissafi, dukanmu daga hannun mutum ɗaya muka fito. Wani dattijo da suka yi jami'a tare da marigayin ya ce mana, to ku ƙara mataki ɗaya baya, domin shi kansa Masta daga hannun Allotey ya fito. A motar dawowa ban yi magana da kowa ba, ina ta lissafin yara nawa ne suka ratsa ajujuwanmu mu ashirin ɗin nan kaɗai.

Ranar Litinin na tambayi 'yan ajina, su sittin da 'yan kai, mafi yawansu 'ya'yan Zango, wa ya taɓa jin sunan Farfesa Allotey. Hannu biyu aka ɗaga. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin nan a garinmu ya yi ƙuruciyar aikinsa da ƙarfinsa. Wanda ke zaune a Zangon Ayigya titi kawai zai tsallaka ya shiga Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, inda Farfesan ya shafe shekaru yana koyarwa.

Bari in faɗi ko wane ne, saboda waɗanda ba su sani ba. Francis Kofi Ampenyin Allotey an haife shi a Saltpond, garin masunta a bakin teku, ranar 9 ga Agusta 1932. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai shago, kuma cikin kayan da yake sayarwa akwai littattafai. Mahaifiyarsa tela ce. Yana cikin rukunin farko na ɗaliban Ghana National College ta Cape Coast, makarantar da Kwame Nkrumah ya kafa a 1948 domin yaran da aka kora daga makarantunsu saboda sun yi bore kan kama shugabannin neman 'yanci. Daga nan ya tafi Landan, ya yi karatu a Imperial College a zamanin da Abdus Salam, ɗan Pakistan da ya ci kyautar Nobel a 1979, yake koyarwa a can. Ya dawo Kumasi ya koyar, sannan ya wuce jami'ar Princeton a Amurka, ya kammala digirin dakta a 1966.

Binciken da ya yi suna da shi a kan haske ne, wani nau'i na hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Idan aka bugi ƙarfe har aka fizge ilektiron guda daga can cikin ƙwayar zarra, gurbi yana buɗewa, kuma sauran ilektiron da ke yawo cikin ƙarfen ba sa zama kamar ba abin da ya faru, gurbin yana jan su. Wannan jan yana canza kamannin hasken da ƙarfen ke fitarwa. Masana sun auna abin sun ga bai yi daidai da lissafinsu ba. Allotey ya shigar da tasirin gurbin cikin lissafi, har aka laƙaba wa hanyar sunansa, ana ce mata ƙa'idar Allotey. A 1973 aka ba shi lambar zinariya ta Yarima Philip saboda wannan aiki. A 1974 ya zama ɗan Ghana na farko da ya kai cikakken farfesan lissafi a Tek, ya shugabanci sashen lissafi, daga baya ya shugabanci tsangayar kimiyya baki ɗaya.

Mutum mai irin wannan takarda a wancan zamani, ƙofofin Amurka da Ingila a buɗe suke gare shi. Ya dawo gida. A ganina wannan dawowar ta fi lambar zinariyar nauyi. Shi ya kafa cibiyar kwamfuta ta Tek, a lokacin da mafi yawan mutanen ƙasar nan ba su taɓa ganin kwamfuta ba ko a hoto. Ya shugabanci hukumar makamashin nukiliya ta Ghana, ya shugabanci majalisar masana fasaha da kimiyya ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka kafa irinta ta Afirka a 1985. Ya daɗe yana da hannu a cibiyar nazarin kimiyya ta Trieste a Italiya da Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa. Yana da shekara tamanin a duniya, lokacin da tsaransa suka koma kujerar hutu, ya tsaya sai da aka buɗe reshen cibiyar lissafi ta Afirka, AIMS, a Biriwa a 2012, cibiyar da matasa daga ƙasashen Afirka ke yin digiri na biyu a cikinta ba tare da sun biya kuɗin karatu ko na kwana ko na abinci ba. Ya rasu ranar 2 ga Nuwamba 2017, gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa.

Ranka ya daɗe, ni ban taɓa zama ajinsa ba, ban taɓa gaisawa da shi ba. Kuma ba zan ce shi ya zauna ya tsara yadda za a koya wa ɗan aji huɗu rabawa ba, wannan aikin wasu ne. Abin da ya yi shi ne ya haƙa rijiyar da masu guga suka riƙa ɗiba. Shekara bayan shekara sashensa yana yaye mutane, wasu su tafi banki, wasu su tafi ma'aikatu, da yawa kuma su ɗauki alli su bazu a sakandarorin Asante da Bono da Arewa. Masta ya taɓa gaya mana cewa kafin ya shiga Tek, a ransa lissafi mai zurfi kayan Turawa ne, mu namu mu haddace mu mayar musu. Da ya ga ɗan Saltpond, mai cin dokunu da kifi irin kowa, an sa sunansa a kan wata ƙa'ida ta kimiyya, kuma ga shi nan yana shiga aji da alli a hannu, sai wannan tunani ya mutu a zuciyarsa. Ya ce tun daga ranar bai ƙara kallon wani yaro ya ce wannan ba kan lissafi gare shi ba.

Ga yadda abin ya iso gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne, kuma shi ake kira rabon gado a unguwarmu. Ni kuwa a aji biyu na sakandare lissafin ɓangarori ya gagare ni. In aka ce a haɗa ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida sai in haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, in kawo biyu bisa sha huɗu, a ja mini jan biro. Masta ya tambaye ni sana'ar babana, na faɗa masa. Ranar Asabar bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu a kan tsohon babur ɗinsa. Hankalina ya tashi, na ɗauka ƙarata ya kawo. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma ƙasa da buzun Malam, ya gaishe shi da Hausarsa ta kasuwa, ya ce ya zo a koya masa yadda ake raba gado.

Malam ya dube shi ya daɗe. Sannan ya jawo tawada da alƙalamin kara da wata takarda, ya ce to mu ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da ɗa namiji, da 'ya mace. Matar tana da sumuni, ɗaya bisa takwas, uwar tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Ya ce ba a fara rabo sai an nemo asalin mas'ala, wato adadin da takwas za ta shiga, shida ma ta shiga, ba ragowa. Ya rubuta 24. Matar ta ɗauki 3, uwar ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya. Namiji yana da rabon mata biyu, kawuna uku ke nan, kuma 17 ba ta rabuwa uku. Sai ya ce a nan ake gyara mas'ala, ya buga 24 sau uku ta zama 72. Matar 9, uwar 12, saura 51, ɗa ya ɗauki 34, 'ya ta ɗauki 17. Ya haɗa su a gabanmu suka koma 72 cif, ko ƙwaya ba ta faɗi ba.

Ina tsaye da butar shayi a hannu na ga Masta ya dafe kai. Ya ce, Malam, abin da nake fama in koya wa ɗanka ke nan wata uku. Ya juyo gare ni ya ce, asalin mas'alar nan da babanka ya nemo, shi ne abin da littafinku ke kira LCM. Wallahi ji na yi kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu. Na sha ganin Malam yana wannan aiki tun ina rarrafe, ban taɓa kawo wa raina cewa shi ne abin da ke kayar da ni a makaranta ba. A kaina akwai katanga, nan karatun Malam, can karatun Masta, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini akwai ƙofa a jikinta. Ranar Litinin Masta ya shigo aji ya rubuta sumuni da sudusi da rubu'i da sulusi a allo da haruffan boko, ya sa mu 'ya'yan Zango muka koya wa sauran yadda ake furta su. Yaran da kullum suke bayan aji su suka riƙa ɗaga hannu ranar. Shi da Malam suka zama abokai har mutuwa ta raba, duk sallar layya sai an kai masa cinya.

Na daɗe a kan wannan labari ne domin shi ne hujjata. Lissafi ba baƙo ba ne a gidanmu. Al-Khawarizmi, wanda daga littafinsa kalmar aljabara ta fito, a Bagadaza ya rubuta shi a ƙarni na tara, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake gina hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Hatimin nan mai gida tara da almajiri ke gani a takardun malaminsa, 4 da 9 da 2 a sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa, ta ko'ina ka haɗa 15 za ka samu, yau ana koyar da irinsa a jami'o'i. A nan Kumasi ma, da Baturen Ingila Bowdich ya zo a 1817 ya tarar da Musulmi masu alƙalami a kusa da fadar Asantehene Osei Bonsu. Kakanninmu fatake da suka yi safarar goro tsakanin Salaga da Kano, da wuri dubu-dubu suke ciniki, kuma a ka suke riƙe da lissafinsu.

To ina aka kwana? Duk wanda ke da yaro a sakandare ya san amsar. Lissafin dole, wanda yara ke kira Ko Mas, shi ne mai gadin ƙofa. In yaro bai samu maki tsakanin A1 da C6 a jarabawar kammala sakandare ta WASSCE ba, ƙofar digiri a jami'a ta rufe, ko da ya yi fice a Larabci da tarihi da komai. Na ga yaran da suka haddace Alƙur'ani, masu kaifin ƙwaƙwalwa, D7 ɗaya, makin da ke ƙasa da C6, ta zaunar da su. Shekara ta farko a biya kuɗin rimediyal, wato darasin maimaici, a rubuta Nobdek, jarabawar masu sake zama. Shekara ta biyu a sake. Ta uku sai ka gan shi a bes, wato majalisar samari, ana dafa ataya, ko ya tafi Magajin, unguwar makanikai, koyon gyaran mota, ko ya fara maganar bin hanyar Libiya. Gyaran mota sana'a ce mai albarka, ban raina ta ba, amma ya kamata yaro ya je ta da zaɓinsa, kada lamba ɗaya ta tura shi. Tun da aka fara sakandare kyauta a Satumban 2017 'ya'yanmu sun cika ajujuwa, alhamdu lillahi. Shiga ta yi sauƙi. Fita da sakamakon da zai kai yaro gaba ita ce har yanzu muke fama.

Kuma yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Akwai wata yarinya a ajina bara, mahaifiyarta tana sayar da wake da shinkafa a bakin tashar Aboabo. Kullum a makare take zuwa, hannunta na ƙanshin shito, in na yi tambaya sai ta sunkuyar da kai. Wata safiya na tsaya sayen abinci na same ta a kan tukunya. Mutum ya ce wake na sidi 15, ƙwai biyu, ganda ɗaya, taliya ta 3, gari na 2, ya miƙa 50. Kafin ya rufe baki ta miƙa masa canjin 17, idonta na kan mai bi masa. A aji ranar na ce mata, wani ya sayi ƙwai uku da ganda ɗaya a 17, wani ya sayi ƙwai ɗaya da ganda ɗaya a 9, nawa ne ƙwai? Da Hausa na tambaye ta. Ta ce, Sa, ai bambancinsu ƙwai biyu ne, sidi 8, ƙwai 4 ke nan, ganda 5. Na juya na rubuta 3x + y = 17, a ƙasa x + y = 9, na ce abin da kika yi yanzu ke nan, kuma shi ne kika bari ba ki taɓa ba a jarabawar da ta wuce. Ta kalli allon, ta kalle ni, sai hawaye. Dabarar Masta ce na ara, ba tawa ba.

Sai dai malamai nawa ne a makarantunmu suka samu wanda ya nuna musu wannan? Nan ne ciwon yake. Tun da aka kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, makarantunmu da yawa sun haɗa karatun addini da na boko, gwamnati tana turo malamai. An ci gaba ƙwarai. Amma na san makarantar da wanda ke koyar da lissafi a JHS, wato ƙaramar sakandare, ba lissafi ya karanta ba, an ba shi ne saboda babu wani, kuma shi kansa tsoron darasin yake ji. Mai tsoro kuwa bulala yake kamawa, ya rubuta ƙa'ida a allo ya ce a haddace. Na san inda malamin Larabci da malamin lissafi suke shekara goma a harabar makaranta ɗaya, gaisuwa kaɗai ke haɗa su, wannan yana koyar da sudusi da safe, wancan yana koyar da ɗaya bisa shida da rana, ga yara ɗaya. Ga kuma maganar harshe. Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa yana labarai da ita. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, ya ji Tuwi, harshen Asantawa, a titi, ya yi Larabci a makaranta, sai a haɗa shi da lissafi cikin Turanci, in ya yi shiru a ce ba shi da kai.

Na san akwai wanda zai ce, me ya haɗa mu da Allotey, ba Musulmi ba ne, ba ɗan Zango ba ne, kuma mai yiwuwa bai taɓa taka Aboabo ba. Allah gafarta malamai, ku kuka karantar da mu cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma ba ku ce mana mutanen sai namu kaɗai ba. Mun ga Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana da shekara ɗari a 2019, ya taka da ƙafarsa zuwa cocin Katolika ta Christ the King a Accra domin zumunci. Likitan da ke duba matanmu a asibitin Komfo Anokye, injiniyan da ya auna ginin masallacinmu, yaron da ya iya kwamfuta yake ciyar da uwarsa, in ka bi silsilar malamansu da yawa za ka tarar ta ratsa ta sashen da mutumin nan ya gina. Mu da muka san darajar silsila, muke ƙirga wa ya karanta wajen wa har zuwa Shehu, bai kamata wannan ta ɓace mana ba. Yaba kyauta tukwici.

Tukwicin da nake roƙo ba allon tagulla ba ne, ba kuma taron cin abinci da jawabai ba. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka kira malaman lissafi na makarantun Zango, na firamare da JHS da sakandare, ka ba mu ɗaki ɗaya da allo ɗaya, Asabar ɗaya a kowane wata, a kira zaman da sunan Allotey. Mu da muka daɗe mu zauna da sababbi. Wanda darasi ya gagara ya kawo shi ba kunya, a warware tare, a gwada yadda za a faɗe shi da Hausa da Tuwi kafin a mayar da shi Turancin jarabawa. Gwamnati ta riga ta sa malamai su riƙa irin wannan zama a cikin makarantunsu, amma malamin lissafi ɗaya tilo a makaranta da wa zai tattauna? Mu muna bukatar zaman da ya ƙetare katangar makaranta. Kuma a kowane zama a samu malamin fara'id, wato ilimin rabon gado, guda ya zauna tare da mu. Shi ya nuna mana asalin mas'ala da auli da raddi, mu mu nuna masa yadda littafin gwamnati ya kira su. Zakka kanta, ɗaya cikin arba'in, darasin kaso cikin ɗari ce sukutum. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin mota da ruwa da alli ba, kuma in kai ka yi kira, attajiranmu ba za su bari a ji kunya ba.

Tek tana nan kusa, sashen lissafin yana nan, kuma akwai 'ya'yanmu a ciki, ɗalibai da malamai. Wasiƙa daga fada za ta kawo su. AIMS tana da shiri na ƙaro ilimi ga malaman lissafi, tana da wani na 'yan matan sakandare masu hazaƙa, amma in ba a sanar ba, malamin da ke Sawaba ba zai san an buɗe ba sai an rufe. A sa mutum ɗaya a majalisa wanda aikinsa ke nan, ya riƙa bibiyar irin waɗannan ƙofofi yana shelantawa. Asusun Raya Zango ma a tuna masa cewa bayan kwalbati da fitilun titi da filin ƙwallo, akwai malamin da in aka biya masa kuɗin karatun shekara biyu zai dawo ya koyar shekara talatin.

Ku kuma iyayenmu limamai, mumbari a hannunku yake. Abin da kuka faɗa ranar Juma'a ya fi abin da zan faɗa a taron iyayen yara sau goma. Ku gaya wa jama'a cewa ilimin gado rabinsa fiƙihu ne rabinsa hisabi, kuma al'ummar da ta rasa masu hisabi za ta rasa masu raba mata gado. Ku gaya wa uwaye su sassauta wa 'yan mata tallar safe a shekarar jarabawa. Na san ba don ƙeta ake sa su ba, tukunyar ce ke ciyar da gida, amma ko awa ɗaya aka rage an taimaka. Shekaru da yawa yanzu, wadda ke yi wa zaratan ɗaliban ƙasar nan tambayoyi a gasar kimiyya da lissafi ta talabijin mace ce, Farfesa Elsie Effah Kaufmann, kuma wadda ta fara riƙe kujerar ma mace ce, marigayiya Farfesa Marian Ewurama Addy. 'Yan matanmu suna kallonsu a waya. Lokacin da kwalejin Prempeh ta nan Kumasi ke fafatawa, har a bes ana ihu. Ina so in rayu in ga ranar da za a yi wannan ihu saboda makarantar Islamiyya ta Kumasi ta kai zagayen ƙarshe, da yarinya mai hijabi a kan kujerar.

Mu malamai ma akwai namu laifin, ba zan ɓoye ba. Wasunmu sun mayar da ƙarfinsu kan darasin bayan tashi da ake biya, ajin safe kuwa a yi shi sama-sama. Wasunmu sun ce wa yaro kai ba za ka iya ba, kalmar ta bi shi har girma. Na taɓa faɗin irinta a farkon aikina, ga wani yaro da ban ƙara gani ba bayan wannan zangon, kuma har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah. Zaman da nake roƙo zai zama wurin da za mu riƙa yi wa juna wannan nasiha tun kafin a yi ɓarna.

Mu takwas cikin waɗanda suka haɗu a jana'izar Masta mun riga mun yi alkawari, uku Musulmi, biyar Kiristoci, za mu koyar a zaman nan ba tare da an biya mu ko fesuwa ba. Ɗaya daga cikin almajiran mahaifina, wanda ya gaji rabon gado a unguwarmu, ya ce zai zo da tawadarsa. Muna so a yi zaman farko a Asabar mafi kusa da 9 ga Agusta, ranar haihuwar Farfesa, kuma muna fatan kai da kanka za ka buɗe shi, a gayyaci shugabannin sashen lissafi na Tek su ji daga bakinka cewa Zango ta san abin da aka yi mata. Takardar da Malam ya rubuta mas'alar 72 a kai tana nan, Masta ya adana ta cikin wani littafinsa fiye da shekara talatin, matarsa ta ba ni ita ranar jana'iza. Zan zo da ita fada ranar da kuka ba ni izini.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya saka wa malamanmu da alheri, ya shirya mana zuriya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
malamin lissafi,
Aboabo, Kumasi.